Daga Kurmi Zuwa Falgore: Yadda Daji Ya Yi Mana Nisa

Kasuwar da muke takawa da ƙafa daga Koki mu shiga cikin 'yan mintoci sunanta Kurmi, amma babu kurmi a cikinta. Sunan ya daɗe a bakinmu har mun daina jin ma'anarsa. Kurmi dai daji ne mai duhuwa, inda manyan itatuwa suka haɗa kai a bakin ruwa har rana ba ta samun ƙasa. Haka gefen Jakara yake kafin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwa a wurin. Yau ita kanta Jakarar an zuba mata kankare an shimfiɗa titi a kanta. Yaron da aka haifa a unguwannin nan zai iya girma ya yi aure bai taɓa ganin barewa tana kiwo ba, sai dai a wayarsa, inda yake kallon baƙi sun kafa tanti a kan tsaunukan wata ƙasa mai nisa suna ɗaukar hoton namun daji.

Tarihin Kano, wanda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 19, da maharba ya fara. Ya ce Dala, wanda dutsen nan ya ci sunansa, ya zo ya zauna a kan dutsen, kuma Barbushe, wanda ya fito daga zuriyarsa, ƙaƙƙarfan maharbi ne da yakan kashe giwa da sandarsa ya ɗauko ta a ka. Ko ba mu ɗauki maganar sandar a zahirinta ba, labarin ya nuna mana irin ƙasar da mutanen farko suka tarar: ƙasar da giwa ba baƙuwa ba ce, kuma darajar namiji tana tafiya da sanin dawa. Shi kuwa kurmin Jakara, a wancan zamani wurin tsafi ne, ana jin tsoronsa, ba mai kai masa gatari. Tsoro ne ya fara tsare mana daji, kuma za mu sake cin karo da wannan tsoron a gaba.

Ko bayan da birni ya cika ya batse da kasuwanci, dawa ba ta yi nisa ba. Bature ɗan yawon duniya Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya kuma lura cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba. Sauran gonaki ne da lambuna da fadama, kuma ya ga agwagin ruwa da ungulaye da wasu manyan tsuntsaye suna sha'aninsu a Jakara, dab da kasuwa. Daga ƙofa a fita kuwa, kura ce mai dare.

Kakanninmu da kwanan daji

Mu mutanen Koki muna da wani gado na musamman a wannan magana, domin unguwarmu ta fatake ce. Agalawa da sauran 'yan kasuwar goro daga irin waɗannan lunguna suke haɗa ayari zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu. Alhassan Ɗantata ma, wanda ya rasu a 1955, daga wannan fatauci ya taso kafin ya kafa gida a Koki. Ayari yakan kwashi jakuna ɗaruruwa ɗauke da kanwa da tufafin rini da kiraga, ya yi watanni a hanya. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da mashaya. In la'asar ta yi a sauka a zango, a sauke kaya a tsakiya, a ɗaure dabbobi, a sassaro ƙaya a kewaye, a hura wuta a gefe-gefe, a raba kwanan gadi. Bafatake ya san kukan zaki daga nesa, ya san sawun damisa, ya san in gwaggon biri ya yi ihu da asuba akwai abin da ya gani. In sun haye Kwara sukan ratsa ƙasar Bargu, wadda wani yanki nata shi ne gandun dajin Kainji a yau, inda ake biyan kuɗi a shiga kallon abin da su kakanninmu suke addu'ar Allah ya raba su da shi.

Wannan sani ya zauna a harshe. Malam Mahmudu Koki, ɗan unguwar nan, yana cikin malaman da suka taimaki G. P. Bargery wajen haɗa babban ƙamus ɗin Hausa da ya fito a 1934. Duk wanda ya buɗe wannan ƙamus zai tarar da dabbobin da Bahaushe ya bambance ɗaya bayan ɗaya: gwanki da kanki da mariya da mazo da gwambaza da gada da barewa, ga ɓauna da dorina da mugun dawa da kyarkeci da dage. Al'ummar da ba ta zauna da dabba ba ba za ta raɗa mata suna ba. Yau ku tambayi ɗalibin sakandare bambancin gwanki da kanki ku ji. Kalmomin suna nan a karin magana da kirarin sarakuna da laƙabin 'yan dambe, masu sunan ne suka tafi.

Ba rana ɗaya suka tafi ba, kuma da hannunmu a ciki. Hauren giwa da gashin jimina suna cikin manyan kayan da Larabawan Gadamas da Turabulus suke saye a Kano su ƙetara Sahara da su, musamman a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 lokacin da matan Turai suka ɗauki ado da gashin jimina. Fadarmu ma ta daɗe da figini da takalmin gashin jimina, waɗanda ake danganta farkonsu da Rumfa. A wajajen 1890 annobar bushiya ta ratsa Afirka ta karkashe shanun Fulani, ta kuma haɗa da ɓauna da dangoginta. Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, aka shiga sheme daji ana mayar da shi gona. Ƙasar da ke kewaye da birni ta zama ɗaya daga wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Bindiga ta maye gurbin baka. Farautar rani, wadda ake fita da ganga da karnuka da gayyar ƙauyuka, ta ci gaba a dajin da kullum raguwa yake.

Dajin da tsoro ya bar mana

Abin da ya rage mana mai girma yana can kudu, sama da kilomita 100 daga birni, a kan hanyar Jos in an wuce Tudun Wada. Shi ne dajin Falgore, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 900, ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ya kuma haɗe da dajin Lame-Burra na jihar Bauchi. Can ne tudun jihar Kano. Birni bai kai mita 500 daga doron teku ba, amma duwatsun Riruwai sun haura mita 1,000, ruwan sama ya fi yawa, sanyin hunturu ya fi cizo. Itatuwan ma daban ne: doka da maje da maɗaci da kawo da marke da ƙirya. Ta nan Kogin Kano yake gangarowa.

Me ya sa wannan yanki ya tsira lokacin da sauran ƙasa ta zama gona? Akwai dalilai biyu. Na farko ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore, wanda ya hana makiyaya daɗewa a bakin rafukan. Na biyu yaƙi. A wajajen 1846 Malam Hamza na Tsakuwa da mabiyansa suka bijire wa haraji suka koma duwatsun Ningi, daga nan kuma magadansa suka shafe fiye da shekara 50 suna kai hari kudancin ƙasar Kano. Mutane suka tattare cikin garuruwa masu ganuwa irin su Rano da Tudun Wada, filin da ke tsakani ya zama ba mai iya noma shi. Inda mutum ya ja da baya, nan dabba ta miƙe ƙafa.

Turawan mulki sun zo da nasu tsarin. Sun kafa dokar kare namun daji a 1916, suka keɓe wannan daji a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1963, wadda ta jera dabbobin da aka haramta kashewa da waɗanda sai da lasin. A Bauchi an keɓe Yankari a 1956 aka buɗe shi ga masu kallo a 1962, ya zama abin koyi. A shekarun 1960 ne aka ɗaga darajar dajin Kogin Kano zuwa gandun namun daji. Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Kano daga 1967 zuwa 1975, ya haɗa abubuwa da yawa a tunaninsa: madatsar Bagauda da otal ɗinta, madatsar Tiga da masaukin baƙi a kan dutse, gidan zu a cikin gari, da Falgore a can ƙarshe. Manufar ita ce baƙon da ya sauka a filin jirgin sama ya kalli hawan salla da marinar Ƙofar Mata, sa'an nan ya gangara kudu ya kwana a bakin ruwa ya shiga daji da safe ya ga gwanki.

Tsarin yana da kyau a takarda, amma akwai wanda aka manta da shi. Mutumin ƙauyen da ke bakin dajin, wanda kakansa a nan yake ɗana tarko, yake ɗiban zuma, yake saran dirkar ɗaki, an wayi gari ya zama mai laifi in ya shiga. In birai sun ɓarnata masa masara ba mai biyansa. In baƙo ya zo kallo, kuɗin shiga ya tafi baitulmali a birni. Sarkin Baka, wanda ya fi kowa sanin inda dabba take kwana da lokacin da take haihuwa, ba a ba shi gurbi a cikin tsarin ba, aka sa ɗan gandun daji mai kaki ya yi gadinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dajin da maƙwabcinsa ba ya cin moriyarsa, ranar da albashin mai gadi ya yi jinkiri ranar ya zama na kowa.

Haka kuwa aka yi. Farin 1973 da na 1984 sun turo makiyaya kudu da garkunansu, tsando ya ragu, shanu suka cika gandun. Birni ya ƙara girma, buƙatar itacen girki da gawayi da katako ta ninka. Manyan namun daji suka yi ƙaranci har ganinsu ya zama labari. Daga baya ɓarayin shanu da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane suka mayar da dajin maɓoya, matafiya zuwa Jos suka riƙa lissafin kada magariba ta riske su a Falgore. A 2017 sojoji suka gudanar da atisayen Harbin Kunama na biyu a yankin, aka kuma ba su wani ɓangare ya zama filin horo. Tsoro ya dawo dajin kamar zamanin Ningawa, sai dai wannan karon bai tsare dabba ba, domin masu ba da tsoron suna riƙe da bindigar da ke kashe ta, su kuma masu kallo da masu bincike da 'yan makaranta su ne suka daina zuwa.

Abin da ya faru a kan tsaunukan Peru

Waɗancan hotuna na tanti a kan tsauni da yaranmu suke kallo a waya, da yawansu daga tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, kuma akwai tarihi a bayansu da ya yi kama da namu. A can, a tudun da ya kai mita 4,000, inda iska ba ta ƙosar da huhu kuma ruwa yake daskarewa da dare, akwai wata dabba mai suna bikunya. Dangin raƙumi ce, amma ba ta da tozo, girmanta bai wuce na barewa babba ba. Gashinta yana cikin mafi laushi da tsada a duniya. A zamanin daular Inka an hana kashe ta barkatai. Bayan 'yan shekaru sarki yakan sa a yi gayya da ake kira caku: dubban mutane su yi zobe a fili su koro dabbobin cikin shinge, a yi musu sausaya, a sake su. Wato irin farautarmu ta gayya ce, sai dai yawancin dabbobin suna komawa daji da ransu.

Da Sifaniyawa suka ci daular a shekarun 1530, suka zo da bindiga, aka koma kashewa a feɗe fata. Zuwa shekarun 1960 bikunyar da ta rage a Peru ba ta kai 10,000 ba. A 1967 gwamnati ta keɓe wani fili mai suna Pampa Galeras a yankin Ayakuco, a ƙasar al'ummar Lukanas, ta zuba masu gadi, aka kuma hana cinikin gashin. Dabbobin suka fara yawaita. Amma a shekarun 1980 'yan tawayen Sendero Luminoso suka addabi yankin, suka kai wa sansanin masu gadi hari, ma'aikata suka gudu, maharba suka dawo. A 1989 'yan tawayen suka kashe Barbara D'Achille, 'yar jaridar da ta yi fice wajen rubutu a kan muhalli, wadda daga baya aka sa wa gandun sunanta. Duk wanda ya san Falgore zai gane wannan babi.

Abin da ya sauya lamarin shi ne matakin da aka ɗauka a shekarun 1990. Doka ta ba al'ummomin da ke zaune da dabbar ikon yi mata sausaya da sayar da gashin, da sharaɗin daga jikin mai rai aka aske shi. Aka farfaɗo da caku. Kowace dabba takan ba da kusan giram 200 bayan shekara biyu ko uku, kilo guda kuwa ɗaruruwan daloli ne. Nan take lissafi ya juya: bikunya mai rai ana aske ta sau da yawa, matacciya sau ɗaya. Makiyayin da a da yake kawar da kai in ya ga mafarauci, yanzu dukiyar garinsu ake sata. Ƙidayar 2012 ta samu sama da 200,000 a Peru. Kowace shekara a watan Yuni baƙi sukan hau Pampa Galeras kallon caku. Ba a ce komai ya daidaita ba, har yanzu ana satar harbi, kuma mutanen ƙauyukan suna ƙorafin cewa kamfanonin tufafi na Turai ne ke kwashe kaso mai tsoka. Duk da haka dabbar da aka kusa yi wa sallama ta dawo.

Ba sai mun je Peru ba ma. A Nijar, a yankin Kure mai tazarar kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suna kiwo a tsakanin gonakin gero. A 1996 guda 49 kacal aka ƙirga. Aka hana kashe su, aka horar da 'yan ƙauyukan su zama jagororin baƙi, aka haɗa kariyar dabbar da rijiyoyi da ƙananan rance ga manoma. Cikin shekara 20 suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Harin da aka kai a watan Agusta na 2020, wanda ya ci ran Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya tsayar da zuwan baƙi, ya kuma tuna mana cewa ba a kallon dabba inda ba aminci.

Abin da ke kanmu

A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da Falgore ɗaya daga sababbin gandayen ƙasa guda 10, tare da fadamar Haɗeja da dajin Kogo na Katsina. Mataki ne mai kyau, amma sauya suna da kaki ba shi ne maganin ba, mun riga mun gwada sau biyu. Tambayar da Peru da Nijar suka amsa ita ce har yanzu take gabanmu: me mutumin Doguwa da Burji da Riruwai zai samu in gwanki ya rayu, wanda ba zai samu ba in ya mutu? Ba mu da bikunya, amma dajin yana da zuma da kaɗe da ɗorawa da magunguna, waɗanda za a iya tsara ɗibarsu ta hannun ƙauyukan. Ana iya ɗaukar maharba aikin jagora da gadi, a zauna da ardo-ardo a shata burtali da mashaya, a kuma rubuta a doka kason da zai koma wa ƙauyuka daga duk abin da gandun ya samu.

Kada mu ɗauka wannan damuwar masu son dabbobi ce kawai. Ruwan da ya sauka a Falgore shi ke cika Tiga, madatsar da aka kammala a 1974 don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga Tiga ake shayar da shinkafa da tumatir da alkama a Kadawa da Kura da Bunkure, daga wannan kogi kuma matatar Tamburawa take ɗibar ruwan da ake turo wa birni. In aka sheme itatuwan tudu, ruwan sama yakan kwaso ƙasa ya zuba a madatsa, cikinta ya cike da yashi. Buhun gawayin da muke saye da araha a bakin titi, wata ƙirya ce ko marke daga irin waɗancan dazuzzuka, kuma sauran kuɗinsa a wajen mai ruwa da mai kayan miya za mu biya.

Muna da abin yi tun daga gida. Makarantunmu na boko da na Islamiyya za su iya koya wa yara sunayen dabbobi da itatuwan ƙasarsu kafin su haddace na wasu. Tsofaffin maharba da jikokin fatake da suka rage a unguwanninmu, a zauna da su da waya a naɗi abin da suka sani tun ba su tafi da shi ba. Masu hali a cikinmu, da suke kai iyali Dubai hutu, su gwada Yankari ko Tiga, domin wurin da ake zuwa shi ake gyarawa. 'Yan majalisarmu kuma mu tambaye su nawa aka ware wa Falgore a kasafin bana, nawa ya isa dajin. Ranar da malamin firamare zai kwashi 'yan ajinsa daga Koki su kwana a tanti a bakin Kogin Kano, ɗan Doguwa yana gaba yana nuna musu sawun mazo a yashi, iyaye kuma su yi barci a gida hankali kwance, ranar za mu san dajin ya dawo hannun masu shi.